Ɗankwalin Makoki a Wasan Dariya

Saura kwana tara a yi bikin Keti Koti, ranar da ake tuna tsinkewar sarƙar bauta a Suriname, ƙasarsu ta asali, Sherida ta hau bene hawa na bakwai a unguwar Bijlmer da ke Amsterdam, ƙasar Holan, don ta roƙi mahaifiyarta abu ɗaya. Tun a cikin jirgin ƙasa take tsara maganar da za ta faɗa. Amma tana shiga kicin ta tarar da Mama Gonda zaune tana jiƙa kifin gishiri, sai duk tsarin ya watse.

"Mama, angisa nake so ki naɗa mini."

Angisa dai ɗankwali ne, amma ba irin wanda ake fizga a ɗaura a fita ba. Sai an ba shi sitacin rogo ya yi ƙarau, a goge, a naɗe shi a kan cinya, a kafe da fil, sannan a ɗora a ka kamar hula. Shekara arba'in matan unguwar nan ba su san wata mai naɗi ba sai Gonda.

Tsohuwar ta leƙo ta saman tabarau, fuskarta ta ɗan saki. "Ashe bana za ki shiga jerin gwano tare da mu?"

"Ba jerin gwano ba, Mama. Wasa ne. An ba mu dandamali ranar bikin."

"Au, wasan naku na wage baki."

"Mama!"

"Ke da wannan dogon Baturen."

"Wouter sunansa. Sau nawa ya ci abinci a gidan nan?"

"Ya ci, kuma ya ƙara. Ban hana shi ba." Ta zubar da ruwan kifin ta tari sabo. "Amma ki ji ni da kyau, Sherida. Kakar kakarki da sarƙa aka haife ta. Ba zan naɗa kayanta da hannuna ki ɗora a ka, Turawa su zauna suna tuntsira dariya ba. Ki je ki nemi wata."

Shekara shida ke nan Sherida tana wannan sana'a. Da safe tana kantin magani, da yamma ita da Wouter suna hawa dandamali da gajerun wasanni na barkwanci, suna yi wa wariyar launin fata shaƙiyanci, suna tona tarihin da aka lulluɓe. Ta sa ɗakuna cike da mutane sun yi dariya har da hawaye. Amma uwar da ta haife ta ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa kallo ba. Abin nan yana ci mata rai fiye da yadda take nunawa. Mace mai shekara talatin da shida, amma duk ranar wasa sai ta leƙa ta bayan labule tana duba kujerun gaba, alhali ta san ba za ta gan ta ba. Ba ɗankwalin kaɗai take roƙo ba, so take uwarta ta ce ta yarda.

To, taurin kai gadon gidan ne. Mama na shiga wanka, Sherida ta lallaɓa ɗaki ta buɗe akwatin katakon da ake ajiye yadudduka. Ga ja, ga ruwan ɗorawa, ga masu furanni, ninki a kan ninki, suna ƙamshin sabulu da daɗewa. Can ƙasa ta hango wani shuɗi mai duhu da ɗigo-ɗigon fari, an riga an ba shi sitaci. Ta ce a ranta wannan zai fito fes a ƙarƙashin fitilar dandamali. Ta cusa shi a jaka, ta yi sallama ta bakin ƙofar banɗaki, ta tafi.

A gida ta buɗe waya ta nemi masu koyar da naɗi. Na farko kunnuwa biyu gare shi tsaye, ta gwada ya rushe. Na biyu wutsiya gare shi kamar ta zakara, ya ci mata fil goma sha biyu da ɗan yatsa guda. Daga ƙarshe ta sami wani mai sauƙi, kwantacce, babu kunne babu wutsiya. Matar da ke nunawa tana ta bayani da harshen mutanen Suriname, wanda Sherida take ji rabi da rabi, don haka ta kashe sautin ta bi hannu kawai. Ya ɗan karkace, amma ya zauna.

Ana jibi biki, aka gayyace su gwaji a zauren unguwa, inda tsofaffi suke haɗuwa cin abincin rana. Heri heri aka dafa, wato rogo da dankali da ayaba da ƙwai da kifin gishiri, abincin da ba a tsallakewa a wannan mako. Tsofaffi sun kai arba'in, kusan duk mata, kowacce da cokali a hannu da ra'ayi a baki. Mama Gonda ba ta zo ba. Ta ji wanda zai yi wasa, ta ce ƙafarta na ciwo.

Suka fara da wasan ofis. Wouter ya fito a manaja, Sherida ita kaɗai ce baƙar fata a ma'aikatar.

"Kai, kin iya Holanci sosai!" in ji shi. "Asalinki daga ina?"

"Daga hawa na bakwai."

"A'a, ina nufin asali na asali. Wannan gashin duk naki ne? Zan iya taɓawa?" Hannunsa kuwa tuni ya nutse a ciki.

Sherida ta bar shi ya gama, sannan ta ja kujera ta hau, ta dafa sanƙonsa tana shafawa da tausayi. "Allah sarki. Ku haka yake zubewa da kansa? A ƙauyenku kowa haka yake? Wai da gaske ne da cuku ake yaye ku?"

Zauren ya ɗauka da dariya. Wata tsohuwa ta ƙware da ƙwai sai da aka bubbuga mata baya. Tanti Wonny, aminiyar Mama Gonda tun suna 'yan mata a Paramaribo, babban birnin Suriname, tana dukan tebur tana cewa, "'Yar banza! Ƙara masa!" Sherida ta koma bayan labule zuciyarta fari tas. Ta zura koto, babbar rigar nan mai faɗi ta kakanni, ta ɗora shuɗin ɗankwalin, ta shiga akwatin da suka ƙera kamar na gidan tarihi. Aikinta a wannan wasa shi ne ta tsaya ƙiƙam kamar mutum-mutumi, Wouter kuwa jagora ne mai yi wa baƙi bayani.

Ya fito da siririyar sanda, ya yaye zanen da aka rufe akwatin.

"Jama'a, ga wata mata daga zamanin da. Ku dubi fuskarta, cike da farin ciki. Kullum haka suke, ga waƙa ga rawa."

Shiru.

Wouter ya saci kallon mutane ya ci gaba. "Kakanninmu ne suka ɗauko su a jirgin ruwa, kyauta, ko kuɗin tikiti ba a karɓa ba."

Nan ne wurin da Sherida za ta ja tsaki idan ya juya baya. Amma shirun da ta ji ba na masu jiran dariya ba ne. Cokula sun tsaya. Wata ta dafe ƙirji. Wata ta cire tabarau tana goge ido. Sai ga Tanti Wonny ta miƙe a hankali, tana riƙe da gefen tebur.

"Sherida," ta ce. "Yaushe?"

Sherida ba ta motsa ba. Dokar sana'a ce, komai aka ce daga wajen 'yan kallo, mutum-mutumi ba ya amsawa. Ta ƙura wa bango ido, fuska a ɗaure. Kaico, da ta san abin da shirun nan zai jawo!

"Wayyo Gonda!" Tanti Wonny ta ɗora hannu a ka. "Shi ya sa ba ta zo ba! Jiya-jiya muka yi waya! Wayyo 'yar'uwata!"

Kafin ka ce me, zaure ya kaure da kuka. Kujeru suka yi ta ƙara, masu sanda suka ɗauki sanda, masu keken dogarawa suka juya shi wajen ƙofa. Sherida ta faɗo daga akwatin tana cewa, "Tanti, mene ne? Me ya sami Mama?"

"Ni kike tambaya? Ke da kika sa shuɗi da fari, kika kwantar da naɗi? Wa kika rasa in ba uwarki ba?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Yadin makoki ne, naɗin ma na makoki. Ita da aka haifa a asibitin Amsterdam ta ga yadi mai kyau da naɗi mai sauƙi, su kuwa sanarwar mutuwa suka karanta.

"Lafiyarta ƙalau! Wallahi lafiyarta ƙalau, kuskure na yi!"

Ina! Waɗanda suka ji ta sun ji, amma 'yan gaba sun riga sun fice, Tanti Wonny ma ba ta tsaya saurare ba. Gidan ba nisa, tsallaken fili ne kawai. Sherida ta tattare koto ta bi su da gudu, Wouter na binta da sandarsa. Suna isa ƙofar lif ta rufe da mata shida a ciki, dole suka bi matakala.

A hawa na bakwai suka tarar da abin kallo. Mama Gonda tsaye a bakin ƙofa, wuƙa a hannu ɗaya, ɓarin rogo a ɗayan, mata shida sun yi cirko-cirko suna kallonta. Tanti Wonny ce ta fara matsawa. Ta taɓa mata kumatu, ta taɓa kafaɗa, sai ta rungume ta tana kuka tana dukan bayanta.

"Muguwa! Ashe kina nan! Kin kusa kashe ni!"

"Wonny, sake ni, wuƙa ce a hannuna. Wa ya mutu?"

"Ke!"

"Ni? To, ba a gaya mini ba."

Wata ta fashe da dariya cikin hawaye, sauran suka bi. Mama ma ta fara murmushi, sai idonta ya sauka a kan Sherida da ke haki a bakin matakala. Ta dubi abin da ke kanta. Murmushin ya ɗauke.

"Ku koma ku ƙarasa abincinku," ta ce da matan, ba tare da ta kalle su ba. "Na gode da gaisuwa. In lokacin ya yi za a sanar da ku yadda ya kamata."

Suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Wouter ma ya fara ja da baya, ta ce, "Kai dogo, shigo." Suka shiga falo, ta ajiye wuƙar ta zauna.

"Kin san wannan yadin?"

"A'a, Mama."

"Shi uwata ta sa ranar da aka binne ubana. Shi na sa ranar da aka binne naki. Kina tsaye kusa da ni, shekararki goma sha tara."

Sherida ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta tuna ruwan saman ranar, ta tuna takalmin da ya matse ta, amma ko kaɗan ba ta tuna abin da ke kan uwarta ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Ta sa hannu biyu ta sauke ɗankwalin, ta ɗora a kan tebur a hankali.

"Ki yafe mini, Mama. Ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. Shi ne abin da ya fi yi mini ciwo." Ta gyara zama. "To, abin da kika saci kayan ubanki don ki yi, yi shi nan in gani."

"Yanzu?"

"Da sai na mutu da gaske?"

Haka aka ture teburin shayi gefe. Sherida ta tsaya kusa da talabijin da kai ba ɗankwali, Wouter ya share gumi ya ɗaga sanda. Bai taɓa jin tsoron 'yan kallo irin na yau ba, ga shi mutum ɗaya ce tak. Ya yi maganar farin ciki, ya yi ta jirgin kyauta. Mama ta harɗe hannu, fuska kamar an aiko mata da sammaci.

"Da lokaci ya yi," in ji Wouter, "sai muka 'yanta su. Amma muka roƙe su su ƙara shekara goma a gonakin, don kada 'yanci ya zo musu farat ɗaya ya ɓata musu ciki."

Ya juya baya. Sherida ta karkata baki ta ja tsaki.

Wani sauti ya kuɓuce wa Mama ta hanci. Ta yi maza ta mai da shi tari.

"Tsaya," ta ce. "Mene ne wannan?"

"Tsaki ne, Mama."

"Wannan tsakin 'yan Holan ne. Kamar ana buɗe kwalbar lemo. Matar da aka ce ta ƙara shekara goma, haka za ta yi?" Ta ɗaga haɓa, ta lumshe ido rabi, ta kalli Wouter daga takalmi har sanƙo, sannan ta ja shi. Ya fara siriri, ya yi kauri, ya yi kwana, ya ƙi ƙarewa. Wouter bai san lokacin da ya ce, "Yi haƙuri, Mama" ba.

Sherida ta durƙushe tana dariya, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san na wanne ba ne.

"Wurin kakata na koya," in ji Mama, muryarta ta sauko. "Wanki take yi wa wata matar Bature. In ta dawo da yamma, sai ta tara matan tsakar gida, ta sa kwando a ka wai hular uwar ɗakinta ce, ta riƙa tafiya kamar agwagwa tana ba da umarni ta hanci. Mu yi ta dariya har cikinmu ya ƙulle. Hannunta duk ya tsattsage da sabulu, amma sai ta yi wasan nan kafin ta ci abinci."

"To Mama, ai abin da nake yi ke nan."

"A'a. Ita a bayan gida take yi, mu kaɗai, ƙofa a rufe. Ke kuwa a gabansu. In suka yi dariya, ta yaya zan san da wa suke yi? Shekara hamsin ina ƙasar nan, na san irin dariyar da ake yi wa mai koto a tashar jirgin ƙasa."

Sherida ta matso ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. "Ni ma wani lokaci ban sani ba, Mama. Akwai daren da nake komawa gida ina tambayar kaina. Amma sau da yawa ina ganinsu, suna cikin dariya sai ta maƙale, su kalli juna. Don wannan maƙalewar nake yi. Kakarki ba ta sami damar yi a gaban matar ba. Ni na samu."

Mama ta juya wajen Wouter. "Kai fa? Ba ka jin kunya kana zagin kakanninka?"

"Ina ji, Mama. Shi ya sa nake yi da kyau."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce ya je kicin ya ƙarasa feraye rogon nan, tun da dai ya iya cin sa. Da ya fita ta ce da Sherida, "Ɗauko mini ja mai ruwan ɗorawa, yana sama-sama. Da gwangwanin fil."

Sherida ta kawo. Mama ta shimfiɗa yadin a cinya, ta kama kusurwa ta karya, ta sake karyawa. Ta ɗauki fil. Ya zame ya faɗi. Ta ɗauki wani, ta kai bakin yadin ta danna, yatsun suka ƙi. Sherida ta duba da kyau, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta ga gaɓoɓin sun kumbura, babban yatsan ya kauce.

"Mama, tun yaushe?"

"Tun bara. Bana ko aikin naɗi ɗaya ban karɓa ba, na ce musu ido ne." Ta ture gwangwanin. "Kada ki yi mini wannan fuskar. Abin da na gaya miki ranar nan har zuciyata ne, ba don hannu na ƙi ba. Amma ko da na yarda, da ban iya ba. Zo nan, ba ni aron hannun naki."

Ta mai da yadin kan cinyar Sherida, ta ɗora tafinta a bayan hannun 'yarta.

"Karya nan. A'a, da ƙarfi, ba jariri ba ne. Ja kunnen sama. Wannan naɗin cewa yake yi, ku yi ta magana, ni dai ga ni. Shi ya dace da matar cikin akwatin." Ta ɗan tsaya. "Kuma ki ce su ajiye mini kujera a gaba, ni da Wonny. In na ji dariyar da ban yarda da ita ba, zan juya in kalli mai ita."

Sherida ta gyaɗa kai, ta ci gaba da naɗi. Kunne ɗaya ya miƙe, na biyun ya bi. Mama ta miƙa hannu ta jawo shuɗin daga kan tebur, ta shafa shi, ta ɗora a gefen 'yarta.

"Wannan kuma ki tafi da shi, ya zama a wurinki. Naɗin da kika yi ya karkace. Zan koya miki na daidai kafin ranar da za ki sa shi domina, kada ki ba ni kunya a gaban Wonny."

"Mama, don Allah ki daina."

"Ba yau ba ai. Yau na dariya muke yi. Miƙo fil."